Hafizu Mai Tukunyar Gidan Makoki

Na Allah ne mu gaba ɗaya, kuma ɗai-ɗai Yake kiran abinSa. Ranar Litinin, sha uku ga watan Rajab na shekarar 1446, wadda ta zo daidai da sha uku ga Janairun 2025, tsakanin azahar da la'asar, kiran ya zo kan Malam Hafizu na unguwar Utaibiyya a nan Makka. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ya dawo daga masallaci, ya ce wa matarsa Hajiya Ɗaso ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa a kan darduma. Kafin ta kawo masa ruwa ya cika. An yi masa salla a Harami bayan magariba, muka kai shi makabartar Shara'i.

Ni ne Salihu, maƙwabcinsa na shekara arba'in da uku. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Taha mai tasi ne ya riƙe alƙalami ni ina faɗa, kuma na gaya masa tun farko kada ya gyara mini magana ko ɗaya. Inda ta karkace, a bar ta a karkace.

Hafizu, da kai zan yi maganar, don na saba.

Yau kwana tara. Ban yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce. Na tsaya a bakin kabarinka ina kallon ana jera tubali, ina jiran abin da ke zuwa wa mutum a irin wannan wuri, bai zo ba. Na dawo gida na cire takalmi na zauna. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, ina amsa gaisuwa. Mutane na cewa Baba Salihu akwai tawakkali. Ni dai abin da nake ji kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ne, ka taɓa ka san taka ce, amma shi ke nan.

A unguwar nan ni ake tambaya, ka sani. Wanda ke son ya san a wace shekara kakansa ya sauka Jidda, ko ta wane sashe aka shiga da uwarsa a makabarta, tunda kaburburan garin nan ba su da suna, ƙofata yake bugawa. Ina da shekara shida aka zo da ni ta Sudan, kuma tun daga ranar ban yar da sunan kowa ba. To bari in ajiye naka yadda na riƙe shi.

Ka zo aikin hajji daga Kazaure a 1400, kana da shekara ashirin da biyar, jirginku ya koma kai ba ka koma ba. Ka yi dako, ka yi turin keken tsofaffi, sannan ka samu wankin tukwane a wani gidan alhazai a unguwar Aziziyya inda ake sauke mutanen Fatani, Musulmin kudancin ƙasar Tailan. Mai dafa musu abinci wani dattijo ne, Yunus Bafatane. Ba ya jin Hausa, kai ba ka jin nasu, Larabcin kowannenku bai cika cokali ba. Da hannu kuke magana.

A can kaset ya iske ka daga gida, wata uku bayan an aiko shi, da muryar yayanka yana gaya maka mahaifiyarka ta rasu. Ka ba ni labarin sau ɗaya tak. Ka ce ka saurara, ka kashe rikoda, ka koma kan tukwanenka. Kwana biyu ba ka sa komai a baki ba, kuma ba ka gaya wa kowa ba, don ba wanda za ka gaya wa. A rana ta uku Yunus ya kama ka a wuyan hannu ya zaunar da kai a kan buhun shinkafa. Ya soya gyaɗa, ya daka, ya dafa naman rago da madarar kwakwa da wata ciyawa mai ƙamshin lemon tsami da suke kira sarai, ya zuba a kan shinkafa, ya ajiye a gabanka. Ya zauna yana kallonka har ka cinye. Ka ce har ya koma ƙasarsu ba ka san yadda aka yi ya gane ba.

Shekara biyu ka yi kana kallon hannunsa. Da ka auri Ɗaso kuka tare a ɗakin da ke jikin nawa a 1403, ba ka zo da komai ba sai katifa da wata tukunya mai hannu biyu da ya bar maka.

Al'adar garin nan kowa ya santa, gidan da aka yi rasuwa ba ya hura wuta kwana uku, maƙwabta ke ciyar da shi. Aikin mata ne a wurinmu. Sai ga ka, namiji da gemunka, a shekarar 1404 da wani tela ɗan Maraɗi ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu, ka ɗora tukunyar Yunus a murhun matarka. Ka buga mini ƙofa ka ce in kama maka hannu ɗaya. A lokacin ba ka da iƙama, takardar izinin zama, saboda haka ba mu bi titi ba, lungu-lungu muka bi, tukunya na tsakaninmu tana ƙona mana gwiwa. Daga ranar har watan jiya ba a yi rasuwa a gidan Bahaushe a unguwar nan da ba ka kai ba. Na san gidajen duka, zan iya jero su. Har na unguwar Shisha mun je da mutanenmu suka fara watsuwa, a bayan motar Taha. Akwai gidan da ba a gaisawa da kai saboda wata tsohuwar magana a kan igiyar shanya, da uban gidan ya rasu ka kai, ka ajiye a ƙofa, ka juyo. Ta kai matan lungunmu in suka ji ƙamshin sarai da hantsi sai su leƙo su tambayi wa ya rasu.

Ba ka taɓa dafa ta don suna ko biki ba. An roƙe ka, ka ƙi. Kuma ba ka yarda a ɗebi ko cokali ɗaya kafin ta fita daga gida. Kai kanka ɗigo kake sawa a bayan hannu ka lasa. Kana cewa rabon masu makoki ne.

Yanzu ga abin da ya sa na nemi Taha ya zauna da alƙalami. Shekara arba'in da biyu ina kama hannun tukunyar nan, ban taɓa cin miyar ba.

Dalilin kuwa, ranar farko ina tsaye a ƙofar madafa na ga ka ɗebi sukari cokali biyu ka zuba. Na ce me ke nan? Ka ce haka ake yi. Na ce miya da sukari ba miya ba ce, kunu ne da nama, kuma bakin da ya ci miyar gyaɗar uwata ba zai ci wannan ba. Magana ce ta ƙuruciya, da na bar ta a ranar da ta wuce. Amma ni in na faɗi abu na faɗa. Ya zama kullum muka ɗauko sai ka ce, "Yaya, ko lasa ka yi mana," ni kuma in ce, "Kukun Fatanawa, kama hannunka, kana zubar da kunun mutane." Sai ka yi dariyar nan taka da ba ta da sauti, kafaɗa kawai ke motsi.

Shekara tara da suka wuce matata Sa'adiya ta rasu. Ranar ba ni na kama hannu ba, Taha ne. Kuka shigo kuka ajiye, 'ya'yana da baƙi suka ci. Ka zuba a kwano ka kawo gabana ka zauna, kamar yadda Yunus ya yi maka. Na ture kwanon. Matata tana kabari tun jiya, amma na tuna da maganar sukari. Ka ɗauke, ka fita, bayan kamar awa ɗaya ka dawo da tuwo da miyar kuka da ka sa Ɗaso ta yi. Ka sake zama a wurin da ka tashi. Na ci. Ban taɓa yi maka godiyar wannan ba, kai ma ba ka taɓa tayar da maganar ba.

To sai ga taka rasuwar.

Aka jera kujeru a lungu kamar yadda ake yi a nan, tsakanin magariba da isha'i, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ɗanka Majid na tsaye a farkon layi, ni a gefensa. Abinci kuwa ya zo, ba a rasa ba. Yaran yanzu ba su da rowa, sai dai ta waya suke yi. Suka yi ta aikowa daga gidajen abinci, manyan farantan shinkafa buhari da kaji a lulluɓe. Na zauna Talata na zauna Laraba ina kallon farantan nan na shiga gidanka, ban ji komai ba, ban yi tunanin komai ba.

Laraba bayan an tashi, 'yarka Dalal ta tare ni a bakin matattakala. Ka san ta, Hausarta rabi Larabci ce, baffa sai ta ce ammi, uwa ta ce ummi. Ta ce, "Ammi Salihu, ummi ba ta ci komai ba tun Litinin. Wallahi komai. Ruwa kawai, shi ma da faɗa." Ta ce sun gwada shinkafa, sun gwada kunu, sun gwada madara. In an ajiye sai ta kalla ta ce to, ta juya fuska ga bango. Ga maganin hawan jini da ba a sha da ciki wayam. Ɗazu da ta tashi alwala jiri ya kwashe ta, sai da aka riƙe ta. Majid na cewa in ta kai gobe a haka asibiti za su kai ta a sa mata ruwa, ita kuma ta ce mai takaba ba inda za ta.

Na ce wa Dalal ta miƙo mini tukunyar ubanta.

Ta tsaya tana kallona. Ta ce wa zai dafa? Na ce ni. Ta ce, cikin ladabi dai, ita tun da take ba ta taɓa jin na dafa ko shayi ba. Na ce ban tambaye ta abin da ta ji ba. Ta shiga ta ɗauko.

Gaskiyarta ce, ban iya girki ba. Abin da nake da shi shi ne na tsaya a ƙofar madafarka sau ɗaruruwa ina yi maka tsiya, kuma ni abin da ya wuce ta gaban idona ba ya ɓacewa. Na san abin da ke shiga, na san wanda ke bin wani. Abin da ban sani ba shi ne inda ake nufa, don harshena bai taɓa zuwa can ba.

Saboda haka Alhamis da safe na zaga in tambayi waɗanda suka ci. Na fara da Hajiya Kabira ta ƙarshen lungu, wadda ka kai wa sau uku, na mijinta da na 'ya'yanta biyu. Na ce ta gaya mini yadda miyar take a baki, tsami ne a gaba ko yaji ko zaƙi. Ta ce, "Malam Salihu, ban sani ba. Na san na ci. Na san ta sauka da ɗumi." Na shiga gida huɗu bayan nata. Wani ya ce kamar akwai tsami, matarsa ta ce babu. Wani ya ce shi ranar ko ƙasa aka ba shi ba zai bambance ba. Unguwa guda ta ci miyar nan shekara arba'in da biyu, Hafizu, ba wanda ya riƙe ɗanɗanonta, saboda ba wanda ya ci ta a ranar da bakinsa ke aiki.

Dalal ta so ta taimaka. Ta leƙo da waya a hannu ta ce ta samo yadda mutanen Tailan ke yin miyar gyaɗa da kwakwa. Ta fara karantawa, sai ta ce wannan da naman alade suka yi, bari ta nemo wani. Na ce ta mayar da wayar jaka. Wanda ya koya wa ubanta mai salla ne, da kafaɗar rago yake yi, kuma bai bar ta a waya ba.

Taha ya kai ni Aziziyya, shagon nan na mutanen Jawa, 'yan Indonesiya, da kake zuwa. Mai shagon ya gan ni ni kaɗai, ya duba bayana. Na gaya masa. Ya sa hannu a ƙirji ya yi addu'a, sannan ya ɗauko sarai ɗauri biyu da madarar kwakwa gwangwani shida ba tare da na faɗa ba. Gyaɗa a wurin matan bakin masallaci na saya, ɗanya, don kai ba ka yarda da soyayyar kasuwa ba. Nama kafaɗa biyu, na sa mahauci ya yanka manya-manya yadda kake so.

A madafata na yi, inda ba a ɗora babbar tukunya ba tun bayan Sa'adiya. Na soya gyaɗar a busasshen kasko har ta yi ja, na murje ɓawon, na fita baranda na bushe. Na daka a turmi a zaune, ina hutawa, don kafaɗar tamanin ba ta ashirin ba ce. Ban bari ta yi laushi ba, na tuna kana cewa a bar wa haƙori abin yi. Sannan albasa da tafarnuwa da citta da kurkum da busasshen barkono da aka jiƙa, da farin gindin sarai, su ma na daka su wuri ɗaya. Na ɗebi kaurin saman madarar kwakwa na zuba a tukunya, na jira har mai ya fito, na soya dakan a ciki. Da ƙamshin ya tashi na ji ana buɗe taga a sama. Wata murya ta fara tambayar wa ya rasu, ba ta ƙarasa ba, aka rufe tagar.

Na zuba nama, na juya, na ƙara sauran madarar da ruwa, na rage wuta. Har nan ban yi kuskure ba.

Kuskuren a lokaci ne. Kai kullum da hantsi kake ɗorawa, nama ya nuna kafin azahar, ka dawo daga salla ka zuba gyaɗa, ka tsaya a kanta da ludayi ba ka matsawa har ta yi, kafin a kira la'asar ka sauke. Sau nawa na ce maka ka zama mai gadin tukunya? Na ɗauka son girki ne kawai. Ni yawon tambaya da daka sun cinye mini safiya, ban ɗora ba sai bayan azahar. Ina zuba gyaɗar, ko juyi goma ban yi ba, ladan ya kira la'asar. Shekara hamsin ban rasa jam'i a masallacin nan ba sai da ciwo. Na ce a raina ai miyar gyaɗa ce, ta gidanmu uwata rufewa take yi ta tafi harkarta. Na rufe, na tafi.

Tun daga matattakala na ji ƙauri.

Ta kama a ƙasa. Gyaɗa da kwakwa in sun haɗu ba sa jiran kowa, sai ranar na san abin da ke tsayar da kai. Na ɗauki ludayi zan kankare, sai na tuna wata rana a 1419 da aka kira ka waya daga gida tana kan wuta, ka dawo ka tarar da haka. Ba ka taɓa gindin ba. Ka karkata tukunyar a hankali ka juye na sama a wata, ka bar abin da ya kama. Haka na yi. Na juye a babbar roba, na wanke taka da yashin wanki har hannuna ya yi zafi, na mayar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ƙaurin ya ragu, bai fita duka ba.

Na tace ruwan tsamiya na zuba. Na sa gishiri. Sai sukari ya rage.

Na daɗe a tsaye da cokalin. Ba wanda ke kallona, in na bari ba wanda zai sani, tunda na riga na ji da kunnena ba wanda ya riƙe ɗanɗanon. Amma ba tawa aka ce in kai ba. Na zuba biyu, a cike, yadda kake yi. Na juya. Na ɗiga a bayan hannu na lasa.

Ina so in ce maka na ji daɗinta, ko in ce maganata ta 1404 ta tabbata. Ko ɗaya ba zan iya faɗa ba. Na ji ɗumi, na ji ɗan ƙauri can baya. Sauran bai iso ni ba. Ashe ni ma na shiga layin su Hajiya Kabira.

Taha ya dafa farar shinkafa a gidansa ya kawo. Kafin magariba, ana cikin jera kujerun rana ta uku, muka kama hannu ɗai-ɗai muka fito. Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa taka. Masu jera kujeru suka tsaya suka ba mu hanya. Majid ya gan mu ya juya baya ya dafa bango.

Dalal ta karɓa ta zuba a kwano ta shiga da shi ɗakin uwarta. Ni na zauna a kujerar da ke bakin ƙofar ɗakin, labule a tsakaninmu. Dalal ta leƙo ta ce in je in huta, za ta gaya mini. Na ce a nan zan zauna. Ban san addu'ar da ake yi a irin wannan wuri ba, saboda haka ban yi ba, na sa ido a kan labule kawai.

Sannan na ji muryar Ɗaso, ta dushe kamar ba tata ba, tana tambayar wa ya dafa. Dalal ta gaya mata.

Ta ce, "Yaya Salihu, kana nan?"

Na ce ina nan, Hajiya.

Ta ce, "Ta kama maka."

Na ce ta kama. Na tafi la'asar.

Ta ce, "Shi ma ta taɓa kama masa." Sai na ji ƙarar cokali a jikin kwano. Na ji sau ɗaya, na ji na biyu. Da na ga abin ya ci gaba sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya hana ni sukuni tun safe. Na ce ita da aka dafa ta a murhunta shekara arba'in da biyu, ta gaya mini ko ta yi kama da taka.

Ta ce, "Ina zan sani? Yau na fara cin ta."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce in ka dafa, Hafizu, duka take fita, ko gindin tukunya kai kake wankewa da kanka. In kuma rasuwar ta gidanku ce, kamar da aka aiko ubanta ya rasu, ko da kuka binne jaririnku na fari, to kai ma mai makoki ne, ba ka hura wuta. Ta ce ƙamshin ta sani, ya shiga labulenta da kayan sawarta, amma ba ta taɓa tambayarka ko cokali ba, don ta san ranar da za a kawo mata ita. Ta ce ba ta dai san rasuwarka ce za ta zama dalili ba.

Ni da nake cewa ba abin da ya wuce ni a unguwar nan, bango ɗaya ke tsakanina da wannan, ban sani ba.

Dalal ta fito da kwanon. Rabi ta ci, ta sha maganinta, ta ce a ajiye mata sauran da safe. Da na miƙe zan tafi, Ɗaso ta ce daga bayan labule in an wanke tukunyar a mayar gidana, ita ba za ta iya ganinta a madafa ba, kuma unguwa ba ta daina mutuwa ba. Tana nan a ƙofar madafata yanzu da nake wannan magana. Na sa Taha ya rubuta yadda ake yi a wata takarda daban, har da lokacin da ake zuba gyaɗa.

Hafizu, na ture maka kwano a ranar da ka zo mini da abin da ya fi komai daraja a wurinka. Ban nemi yafiyarka kana da rai ba. Ina nema yanzu a gaban duk wanda zai karanta wannan, kuma ina roƙon Allah Ya isar maka.

Ya Allah, bawanKa Hafizu ya zo ɗakinKa baƙo, ya zauna a maƙwabtakarsa shekara arba'in da shida, bai bar gidan mamaci da yunwa ba. Ka karɓe shi baƙuncin da ya fi wanda ya yi wa bayinKa. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda Kai kaɗai Ka sani. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka haɗa da Yunus Bafatane, duk inda ƙasa ta rufe shi, da Sa'adiya, da iyayenmu, da dukkan waɗanda muka kai wa gidajensu tukunya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Ɗaso, da Majid, da Dalal, da jikoki, da 'yan'uwansa na Kazaure waɗanda ba su gan shi ba tun yana saurayi, da jama'ar Utaibiyya da Shisha baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin da ba a koya wa mutum sai ranar ta zo. Hajiya, Allah Ya ba ki ikon gama takaba lafiya, kuma ki riƙa cin abinci.

Mu da muka rage, Allah Ya sa in namu kiran ya zo ya same mu da kalmar shahada a baki, da maƙwabci a ƙofa. Amin.

Salihu, maƙwabcinsa
Utaibiyya, Makka
22 ga Rajab, 1446